BABI NA UKU: RAWAR DA MANYAN MAKAƊA DA BAƘIN MAKAƊA SUKA TAKA WAJEN HORAR DA MATASA A ƘASASHEN WURNO DA RABAH DA GORONYO

3.0 GABATARWA

A babin da ya gabata an kawo bayani a kan ire-iren kaɗe-kaɗe da wasannin gargajiya da ake samu a gabashin Sakkwato. A wannan babi kuwa za a yi ƙoƙarin duba hanyar da ake bi a miƙa waɗannan fasahohi daga manya zuwa ga na baya. Kamar yadda aka sani, Bahaushe bai gina wa kiɗa makaranta mai aji da jarrabawa ba, amma duk da haka kowane zamani yana zuwa da gwanayensa. Abin tambaya a nan shi ne, a ina waɗannan gwanaye suke samun horo, kuma su wane ne malamansu?

Amsar da wannan babi zai bayar ita ce, malaman iri biyu ne. Akwai babban makaɗi na gida, wanda yaro yake tashi a hannunsa. Akwai kuma baƙon makaɗi, wanda yake shigowa gari da kaka ko da salla ko wajen wani biki, ya yi ’yan kwanaki ya wuce. Na farko shi ke kafa wa yaro tushe, na biyu kuwa shi ke buɗe masa kunne ya ji abin da ake yi a wasu garuruwa. Za a nuna cewa wannan tsari ya dogara ne a kan abubuwa uku, wato ubangida mai kyauta, da lokacin wadata, da hanya mai aminci. Daga nan sai a bi tarihin yadda waɗannan abubuwa suka yi ta raunana tun daga shekarun 1960 har zuwa yau.

Ya kamata a lura cewa idan an ce “yaron kiɗa” a wannan babi, ba ana nufin mai ƙananan shekaru kawai ba ne. Duk wanda yake ƙarƙashin wani makaɗi yaronsa ne, ko da ya yi furfura. Haka kuma mutanen wannan yanki sukan ce “kiɗi” a maimakon kiɗa, su ce “’yan karɓi” a maimakon ’yan amshi.

3.1 TAƘAITACCEN TARIHIN YANKIN

Wurno da Rabah da Goronyo suna daga cikin ƙananan hukumomi 23 na Jihar Sakkwato, kuma suna gabas da arewa maso gabashin birnin Sakkwato. Wurno da Goronyo suna bakin Gulbin Rima, Rabah kuwa tana bakin Gulbin Sakkwato. Saboda haka ƙasa ce ta fadama, inda ake noman shinkafa da albasa da tafarnuwa, a kuma noma gero da dawa a tudu. An kammala ginin madatsar ruwa ta Goronyo a shekarar 1984, wadda ta ƙara wa noman rani ƙarfi a yankin.

Ta fuskar sarauta, Wurno ta yi fice ne tun lokacin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mai da ita ribaɗi, ya kuma zauna a cikinta a ƙarshen mulkinsa. A can ya rasu a shekarar 1837, kuma a can hubbarensa yake. Wasu daga cikin sarakunan da suka biyo bayansa su ma sun zauna a Wurno. Baturen nan ɗan Jamus mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya sauka a Wurno a shekarar 1853 a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Rabah ita ma gari ce ta zuriyar Bello. Daga cikinta ne Abubakar Atiku na Rabah ya fito ya zama Sarkin Musulmi daga 1873 zuwa 1877, kuma jikansa ne Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, wanda aka haifa a Rabah a 1910. Goronyo kuwa tana kan hanyar da ta haɗa Sakkwato da ƙasar Gobir, kuma an san ta da babbar kasuwa mai ci mako-mako.

Dalilin kawo wannan tarihi shi ne, kowane ɗaya daga cikin waɗannan al’amura yana jawo irin nasa makaɗan. Inda duk aka sami sarauta za a sami makaɗan fada masu kotso da taushi. Inda ake noma sosai za a sami makaɗan noma da na gayya. Inda kasuwa take ci kuma akwai mahauta, to ba a rasa kalangu da filin dambe. Wannan yanki ya haɗa duka ukun, shi ya sa ya zama mahaifar makaɗa kuma masaukin baƙinsu.

3.2 MATSAYIN KIƊA DA WAƘA BAYAN JIHADI

Ba zai yiwu a yi maganar kiɗa a ƙasar Sakkwato ba tare da an waiwayi ra’ayin masu jihadi ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin littafinsa Kitabul Farƙi, ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe a cikin halayen da ya soki sarakunan Haɓe da su. Malaman jihadi sun yarda da kiɗa ne a wurare ƙayyadaddu, kamar wajen yaƙi da shelar aure da tara jama’a. Wannan ra’ayi ya sa sana’ar roƙo ta kasance a ƙasa a idon malamai, kuma har yau akwai gidajen da ba su yarda ’ya’yansu su kusanci ganga ba. Amma da tafiya ta yi nisa, sai tambari da kakaki da waƙoƙin yabo suka ci gaba da zama a fadojin sarakuna da hakimai, domin sarauta tana bukatar wanda zai riƙe mata tarihin nasaba, ya kuma kwarzanta ta a bainar jama’a. M. G. Smith ya yi bayani a kan wannan aiki na maroƙa a cikin wata maƙala da ya buga a 1957.

Wani abin lura kuma shi ne, su kansu masu jihadi sun yi amfani da waƙa wajen koyarwa, kuma sun yi amfani da malami mai yawo. Nana Asma’u ’yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta zauna a Wurno tare da mijinta Waziri Giɗaɗo a zamanin Bello. Ita ce ta tsara ƙungiyar ’Yan Taru, inda take naɗa wa wasu mata dattijai muƙamin jaji. Jaji takan zo ta ɗauki karatu da waƙoƙin wa’azi daga wurin Nana, sannan ta koma ƙauye ta koyar da mata ta hanyar rerawa da maimaitawa. Jean Boyd ta yi cikakken bayanin wannan tsari a littafinta na 1989 a kan rayuwar Nana Asma’u. Duk da cewa manufar ’Yan Taru ta sha bamban da ta makaɗa, hanyar koyarwar ta yi kama: gwani yana rerawa, na baya suna karɓa, har abin ya zauna a ka. Wannan ya nuna cewa mutanen yankin sun daɗe da sabawa da ɗaukar ilimi daga bakin wanda ya zo daga wani wuri.

3.3 ƘUNGIYAR KIƊA A MATSAYIN MAKARANTA

Makarantar farko ta yaron kiɗa ita ce ƙungiyar ubangidansa. Mafi yawan makaɗan fada gadon sana’ar suke yi, wato ɗa ya koya daga uba ko kawu ko wa. Hausawa suna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Akwai kuma masu shiga da sha’awa, waɗanda ake kira ’yan haye. Ko ta wace hanya yaro ya shigo, akwai matakan da yakan bi, kamar haka:

(a) Ɗaukar kaya da sauraro. Da farko ba a ba yaro komai ya kaɗa. Aikinsa shi ne ya ɗauki kayan kiɗa, ya kula da dabbar hawa idan ana tafiya, ya yi aike. A wannan lokaci ne kunnensa yake sabawa da kiɗan, ya kuma haddace gindin waƙoƙi ba tare da an zaunar da shi an biya masa ba.

(b) Riƙe ƙaramin abin kiɗa. Daga nan sai a ba shi ƙaramin abin kiɗa irin su kuntuku, wanda aikinsa shi ne riƙe kari ɗaya ba tare da sauyawa ba. Yaron da ya kasa riƙe wannan ba zai iya ɗaukar kalangu ko kotso ba. A nan ne kuma yake koyon gyaran kaya, kamar jeme fata da ɗaure tsarkiya da shafa nake a fuskar kotso domin sauti ya fita daidai.

(c) Amshi. Idan an ga muryarsa ta yi, sai a sa shi cikin ’yan karɓi. Amshin makaɗan fada ya wuce maimaita gindin waƙa kawai. Sau da yawa jagora yakan fara ɗan waƙa ya bar shi a tsakiya, ’yan karɓi su ƙarasa masa. Wannan yana bukatar yaro ya san waƙar kamar yadda mai ita ya san ta, ya kuma san numfashin ubangidansa. Sa’idu Muhammad Gusau ya fayyace ire-iren wannan amshi a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993.

(d) Sanin mutane. Wannan shi ne mataki mafi wuya. Dole yaro ya san nasabar wanda ake yi wa waƙa, da sunayen kakanninsa, da garuruwan da suka riƙe, da barorinsa na kusa. Dole ya san wanda ake yi wa zambo da wanda ba a taɓawa, da inda habaici yake tsayawa. Kuskure ɗaya a wannan fage yana iya jawo wa ƙungiya duka kora daga fada.

(e) Naɗi ko sallama. Wanda ya ƙware yakan sami muƙami a cikin ƙungiya, kamar Daudun Kiɗi, wato mataimakin jagora. Daga nan ko dai ya gaji ubangidansa, ko kuma a sallame shi da albarka ya kafa tasa ƙungiya.

Misalin da ya fi fitowa fili a ƙasar Sakkwato ta dā shi ne na Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991. Ya tashi a hannun mahaifinsa Usman Ɗankwanda, sannan ya yi shekaru yana mataimaki ga wansa Abdu Kurna kafin ya tsaya da kansa. Shi ma daga baya ’ya’yansa ne suka zama ’yan karɓinsa. Wato ke nan mutumin da duk ƙasar Hausa ta sani da gwaninta sai da ya daɗe a bayan wani.

3.4 BAƘON MAKAƊI A MATSAYIN MALAMI

Idan da a ce yaro ya tsaya ga abin da ya koya a gida kawai, da sai ya zama kwafin ubangidansa. Abin da yake hana hakan shi ne yawon kiɗa. Da zarar an kawar da amfanin gona, rumbuna sun cika, sai bukukuwan aure da naɗin sarauta da wasannin dambe da kokawa su kankama. A wannan lokaci ne makaɗa suke fita rangadi daga gari zuwa gari, wasu bisa gayyata, wasu kuma don neman sabon ubangida.

Baƙon makaɗi ba ya shiga gari ya fara kiɗa kai tsaye. Yakan sauka ne a hannun wanda ya dace da irin kiɗansa. Makaɗin dambe yakan nemi Sarkin Fawa, makaɗin noma ya nemi Sarkin Noma, makaɗin fada kuwa sai an yi masa iso wurin hakimi. Makaɗan garin su ne masu masaukinsa na sana’a, kuma yaransu su ne suke yi masa hidima. Ta wannan hidima ce koyo yake shigowa, kuma yana zuwa ta hanyoyi kamar haka.

Na farko, akwai kallo da sauraro. Yaron da bai taɓa jin kiɗan kowa ba sai na gidansu, yanzu ga shi zaune kusa da wani gwani yana ganin yadda yake matsa kalangu a hammata, da yadda yake buɗe waƙa, da yadda yake jan hankalin ’yan kallo idan fili ya yi sanyi. Na biyu, akwai aron hannu. Baƙo ba koyaushe yake zuwa da cikakkiyar ƙungiya ba, saboda haka yakan nemi a ara masa mai kuntuku ko ɗan karɓi. Kwana biyu ko uku da yaro zai yi a bayan baƙo jarrabawa ce a gare shi, domin baƙo ba ya jin nauyin gyara masa kuskure a gaban jama’a. Na uku, akwai musayar sani. Baƙo yana bukatar a gaya masa nasabar manyan garin da sunayen ’yan wasan da ake ji da su, kuma yaran gari ne suke sanar da shi. Shi kuma yaron yana ganin yadda ake ɗaukar suna da labari tsurarsu a mai da su waƙa a dare ɗaya. Na huɗu, akwai bin baƙo. Idan baƙo ya ga yaro mai murya, yakan roƙi iyayensa ko ubangidansa a ba shi, su yi rani ɗaya ko biyu tare. Wanda ya dawo yakan dawo da sabon salo, wanda bai dawo ba kuwa yakan kai salon garinsu wata ƙasa.

Hausawa suna cewa baƙo raɓa ne. To amma raɓa ko da ba ta daɗe ba tana jiƙa shuka, kuma haka zuwan baƙon makaɗi yake ga yaran gari.

Duk da haka, wannan tsari yana da nasa aibobi. Rabon abin da aka samu yana hannun jagora, kuma sau da yawa yaro ba ya samun abin kirki sai abinci da sutura. Babu ƙayyadadden lokacin gama koyo, don haka wani yakan tsufa yana ɗan karɓi. Akwai kuma makaɗan da suke ɓoye wa yaransu wasu abubuwa don tsoron kada su fi su, musamman laƙanonin murya da na farin jini waɗanda makaɗa da yawa suka yi imani da su. Bugu da ƙari, iyaye da yawa suna ganin bin makaɗi a matsayin hanyar lalacewa, musamman ga wanda bai gada ba.

3.5 MISALAI DAGA YANKIN

3.5.1 Muhammadu Bawa Ɗan’anace

Ɗan’anace mutumin ’Yar Tsakkuwa ne ta ƙasar Gandi, a cikin ƙaramar hukumar Rabah. Sunan da duniya ta san shi da shi ma shaida ne ga abin da wannan babi yake bayani, domin Anace sunan kawunsa ne wanda ya koya masa kiɗa. Wato sunan malami ne ya bi almajiri har ya danne sunansa na yanka. Ya yi waƙoƙin noma, amma kiɗan dambe da kalangu shi ne ya fito da shi, musamman waƙoƙin da ya yi wa Shago da Ɗandunawa. Sana’arsa ta sa ya zama baƙon makaɗi na gaske, domin makaɗin dambe dole ya bi ’yan wasansa duk inda aka kafa fili.

A nan ya kamata a tuna cewa filin dambe dandalin wasa ne cikakke. Akwai shiga ta musamman, akwai kirari, akwai taken kowane ɗan wasa, akwai ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramada masu hamayya da juna, ga kuma ’yan kallo da suke amsawa. Makaɗi ne yake juya wannan taro, shi ke zuga wannan ya fito, ya kuma sanyaya wancan. Saurayin da ya tsaya a bayan irin su Ɗan’anace yana koyon kiɗa da waƙa da sarrafa taro a lokaci guda.

3.5.2 Muhammadu Sarkin Taushin Katsina

Misali na biyu yana nuna ɗaya fuskar al’amarin, wato wanda ya fita bai dawo ba. Muhammadu Sarkin Taushin Katsina haifaffen Goronyo ne, amma a fadar Katsina ya yi suna, musamman a zamanin Sarki Usman Nagogo wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981. Ya rasu a 1990. Mutane da yawa suna ɗaukarsa Bakatsine saboda sarautarsa. Tarihinsa ya nuna cewa makaɗi yana bin inda ubangida yake ne, kuma iyakar lardi ba ta tare fasaha. Ɗan ƙasar Rima ya zama jagoran ƙungiya a wata masarauta, ya kuma horar da yara a can.

3.5.3 Sardauna da Makaɗan Maƙwabta

Misali na uku ya shafi ubangida. Sir Ahmadu Bello ya zama hakimin Rabah a 1934, ya koma Gusau da sarautar Sardauna a 1938, sannan ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954. Manyan makaɗan zamaninsa sun yi masa waƙa, ciki har da Ɗanƙwairo da Sarkin Taushin Katsina da Mamman Shata. A daidai wannan zamani kuma akwai Salihu Jankiɗi, wanda ya rasu a 1973, a fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, ga kuma Ibrahim Narambaɗa a fadar Sarkin Gobir na Isa. Ƙasashen Wurno da Rabah da Goronyo suna tsakanin Sakkwato da Isa ne, wato tsakanin fadoji biyu masu manyan makaɗa. Yaron kiɗa da ya tashi a nan a shekarun 1940 da 1950 ya tashi ne a lokacin da sarakuna da hakimai suke da halin riƙe ƙungiya duka, su ba da doki da riga da hatsi. Irin wannan kyauta ce take ciyar da ’yan karɓi har su daɗe suna koyo.

3.6 WASANNIN KWAIKWAYO NA YARA DA SAMARI

Ban da ƙungiyoyin makaɗa, akwai wasannin da suke haɗa waƙa da rawa da kwaikwayo waɗanda yara da samari suke yi da kansu. Mafi shahara shi ne tashe, wanda ake farawa idan watan azumi ya kwana goma. Yara sukan yi shigar tsoho ko ta mai magani ko ta ma’aurata, su bi gida-gida suna waƙa ana ba su sadaka. Akwai kuma kalankuwa da samari suke shiryawa bayan kaka, inda suke kwaikwayon tsarin sarauta, a naɗa sarki da alƙali da dogarai na wasa.

A irin waɗannan wasanni, malamin yaro shi ne wansa da ya yi wasan bara. Amma ko a nan ana bukatar gwani daga waje, domin kalankuwa ba ta yiwuwa sai da makaɗi, kuma samari sukan haɗa kuɗi su gayyato wanda ya yi suna daga wani gari. Haka kuma zuwan ’yan kama da ’yan gambara da gardawa kasuwa yakan bar wa yara abin kwaikwayo na tsawon watanni. Ta haka ne yaro yake gane cewa yana da murya ko yana da ban dariya, tun kafin wani makaɗi ya lura da shi. Ziky Kofoworola da Yusef Lateef sun tattara bayanai a kan irin waɗannan wasanni a littafinsu na 1987.

3.7 SAUYE-SAUYEN DA AKA SAMU

Abu na farko da ya fara raunana shi ne ubangida. Bayan kisan Sardauna a ranar 15 ga Janairu 1966, gwamnatocin soja sun karɓe kotuna da ’yan doka da gidajen yari daga hannun hukumomin gargajiya. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙara rage wa sarakuna da hakimai iko da kuɗin shiga. Hakimin da yake zaune a kan albashi ba zai iya riƙe mutum goma masu kiɗa ba. Makaɗa sai suka koma ga attajirai da ’yan siyasa, waɗanda kyautarsu mai yawa ce amma ba ta ɗorewa.

Abu na biyu shi ne lokacin yara da ra’ayin jama’a. Shirin ba da ilimin firamare kyauta na 1976 ya kai yara da yawa aji, wanda hakan alheri ne, amma ya rage masu bin makaɗa rani guda. Wa’azin ƙungiyoyin addini, musamman bayan kafa Izala a 1978, ya rage kaɗe-kaɗe a wajen aure da suna. Ƙaddamar da shari’ar Musulunci a Jihar Sakkwato a 2000 ya ƙara sa mutane taka-tsantsan da wasannin dandali.

Sai kuma na’ura. Gidan rediyo da talabijin na Kaduna da aka buɗe a 1962, da faifan garmaho, da kaset, sun kai muryar manyan makaɗa kowane ƙauye. Gidan talabijin na NTA Sakkwato ya fito da wasan kwaikwayon Idon Matambayi, wanda ya nuna wa matasa cewa ana iya yin wasan zamani da Sakkwatanci. Daga ƙarshen shekarun 1990 kuma waƙoƙin fina-finan Hausa da kiɗan fiyano suka mamaye bukukuwa. A yau saurayi yana iya shiga ɗakin ɗaukar waƙa shi kaɗai, kwamfuta ta yi masa kiɗa, ya watsa ta waya. Wannan ya buɗe ƙofa ga waɗanda ba su gada ba, amma ya kawar da matakan da aka lissafa a sama. Kaset yana adana waƙa, sai dai ba ya ce wa yaro ya yi kuskure, ba ya kuma koya masa yadda ake ɗaure fata ko yadda ake tsayawa a gaban hakimi.

Abu na uku, wato amincin hanya, shi ne ya fi muni a ’yan shekarun nan. A watan Yulin 2018 ’yan bindiga sun kai hari ƙauyen Tabanni na ƙasar Gandi, suka kashe mutane da dama, waɗanda suka tsira suka yi gudun hijira zuwa Gandi. Wannan ita ce ƙasar da ta haifi Ɗan’anace. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar saboda matsalar tsaro. A ranar 17 ga Oktoban wannan shekara aka kai hari kasuwar Goronyo, aka kashe fiye da mutum 40. Asarar rayuka ita ce babbar musiba, kuma babu abin da za a kwatanta da ita. Amma a cikin abubuwan da suka bi bayanta har da wannan: inda manomi bai girbe gonarsa cikin natsuwa ba, ba a shirya kalankuwa, kuma inda ake tsoron taron dare da tafiyar ƙauye, baƙon makaɗi ba ya zuwa.

3.8 NAƊEWA

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa horar da matasa a fagen kiɗa da wasa a ƙasashen Wurno da Rabah da Goronyo ya ginu ne a kan haɗuwar malamin gida da baƙon malami. Ɗan’anace ya nuna ƙarfin malamin gida, har ya ɗauki sunansa. Sarkin Taushin Katsina ya nuna yadda tafiya take kai fasahar yanki wata ƙasa. Zamanin Sardauna kuwa ya nuna cewa koyo mai tsawo yana bukatar wanda zai ciyar da mai koyo.

Tun da yake ba za a iya mai da hannun agogo baya ba, abin da ya rage shi ne a nemi wanda zai maye gurbin ubangida. Akwai abin koyi a aikin da malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami’ar Ahmadu Bello suka fara a ƙauyukan Zariya a ƙarshen shekarun 1970, inda suke zuwa su zauna da manoma su shirya wasa tare. Jami’ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, da Hukumar Tarihi da Al’adu ta Waziri Junaidu suna iya yin irin wannan ta wata fuska, wato su gayyato tsofaffin makaɗa da ’yan karɓin da suka rage, a biya su, a haɗa su da matasa na tsawon makonni a wurin da yake da tsaro. Ɗaukar muryarsu a na’ura yana da amfani ga manazarta, amma zama da su ne kawai zai fitar da wani makaɗin. Waɗanda suka yi amshi a bayan gwanayen shekarun 1970 da 1980 sun manyanta, saboda haka aikin ba na jinkiri ba ne.

A babi na gaba za a dubi kayan kiɗan da ake amfani da su a wannan yanki ɗaya bayan ɗaya, da yadda ake haɗa su, da kuma irin mutanen da ake kaɗa wa kowannensu.